Greg ya karya dokar babansa ko bai karya ba? Shari'ar aron mota a The Brady Bunch

Baban Sadik:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da ƙara, ina neman alƙalai. Masu bibiyar tsofaffin wasannin barkwanci na Amurka sun san The Brady Bunch, wanda tashar ABC ta nuna daga 1969 zuwa 1974: gidan Mike mai zanen gine-gine da matarsa Carol, shi ya zo da 'ya'ya maza uku, ita ta zo da mata uku, ga kuma Alice mai aikin gida.

A wani kashi na 1973, babban ɗan gidan, Greg, yana tuƙa motar gida a babban titi, ƙaninsa Bobby na gefe, sai hankalinsa ya tafi wajen karanta bayan kwalin faifan waƙa da ya sayo. Saura ƙiris ya daki motar da ke gabansa. Bobby ya dawo gida yana ta zuba yabon yadda yayansa ya iya kauce wa hatsari, bai san asiri yake tonawa ba. Uban ya ce Greg ya ajiye makulli, mako guda ba shi ba motar.

To ana cikin makon sai ga wasan mawaƙa da yake son kai budurwarsa Rachel, kuma wurin sayar da tikiti da nisa. Sai ya je ya ari motar abokinsa. Da zance ya fito aka tsare shi, buɗar bakinsa sai ya ce ai motar gida aka hana shi, ba a ce kada ya tuƙa ta wani ba. Ya nemi daga ranar a riƙa yi masa hukunci da ainihin lafazin da aka furta, ba da abin da ake nufi ba. Tambayata: yaron nan ya karya doka ko bai karya ba?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Baban Sadik wannan ma har sai an tara alƙalai? Ya karya, ya kuma ƙara da rashin kunya. An hana ka tuƙi ne saboda kana karatu a kan sitiyari. Motar abokinka tana hana karatun ne?

Abba Ƙarami:
Anti ki yi haƙuri, ni dai ina bayan Greg. Babba ne ya yi magana, shi ya zaɓi kalmominsa. In yana nufin duk wata mota a duniya me ya hana shi faɗa? Kullum haka ake mana a gida, a ce "kada ka kai dare", ka dawo bayan isha'i a ce ka kai dare. Dare daga ƙarfe nawa yake farawa? Ba wanda zai gaya maka sai ka yi laifin.

Maman Ilham:
Abba, shekarunka nawa tukuna?

Abba Ƙarami:
Na isa karɓar lasin, Anti.

Barista Kabiru:
Ku bar yaro ya yi magana, domin a kotu hujjarsa ba ta banza ba ce. Akwai ƙa'ida sananniya a dokokin da muka gada daga Ingila, kuma Amurka ma da ita take aiki: dokar da ke ɗauke da horo ana fassara ta a ƙuntace, in akwai shubuha wanda ake tuhuma ne ke cin moriyarta. A yarjejeniya ma haka ne, in kalma ta ɗauki ma'ana biyu, wanda ya rubuta ta shi ake ɗora wa nauyin. Mike ne ya tsara hukuncin, shi ne ya bar ƙofa a buɗe. Da Greg zai ɗauke ni aiki, zan fitar da shi kafin azahar.

Malam Habu Tudun Wada:
Barista, Allah ya ƙara basira, amma gida ba kotu ba ne, kuma ko a shari'a ba ko'ina lafazi ke cin gaba ba. Malamanmu na Malikiyya da suka zo babin rantsuwa sun ce ana fara duba niyyar mai magana, in ba a same ta ba a duba sababin da ya jawo maganar, sannan al'adar mutane a irin wannan furuci, kafin a gangaro kan ma'anar kalma tsurarta. Mutum ya ga cunkoso wajen mahauci ya rantse ba zai sayi nama yau ba, in cunkoson ya watse ya saya bai yi kaffara ba, domin sababin ne ya ɗaure maganar. A nan sababin a fili yake: sakaci a kan titi. Saboda haka hanin ya game kowace mota. Abin da Greg ya yi sunansa hila, kuma shi kansa ya sani, shi ya sa bai sanar da kowa ba kafin ya fita.

Barista Kabiru:
Malam wannan maganar ta ƙarshe ita ce ta fi ƙarfi. Ɓoyewar tana nuna ya san abin da ake nufi. Amma ɓoyewa ba ta mayar da halal haram, mutum kan ɓoye abu don gudun surutu kawai.

Malam Habu Tudun Wada:
Surutun wa yake gudu in ba na wanda ya hana shi ba?

Baban Sadik:
Bari in ƙarasa muku labarin, domin abin da iyayen suka yi shi ya fi ɗaure mini kai. Bayan 'yar jayayya sun sauko. Suka ce to, mun yarda, daga yau ainihin lafazi. Sai ya zama duk abin da Greg ya taɓa cewa zai yi, an riƙe shi da shi. Ya ce zai wanke mota yau? To yau ɗin bai ƙare ba sai sha biyun dare, tashi ka wanke. Ya yi wa ƙannensa Peter da Bobby alkawarin kai su gasar tsallen kwaɗi, ranar kuma ta faɗo daidai da daren wasan mawaƙan, aka ce alkawari lafazi ne, cika shi. Wasan da ya sha wahalar sayo tikitinsa ya wuce shi. A ƙarshe ya lallaɓa ya kai Rachel sinimar da ake kallo daga cikin mota, ashe yaran sun bar kwaɗinsu a kujerar baya. Ana tsakar kallo suka fara fitowa, wani a kan abincinsu, wani a kan yarinyar.

Maman Ilham:
Maganinsa ke nan. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Zainab A.:
Ni kuma abin da uban ya yi bai burge ni ba. Ya shiga wasan yaro ne. Laifin farko shi ne an kusa kashe mutane a babban titi, har da ƙaramin yaro a cikin motar. Kafin a kai rabin shirin an manta da wannan, an koma gasar wa ya fi wa iya murɗa magana. Greg bai ƙare da cewa zai daina karatu yana tuƙi ba, ya ƙare da cewa ya fasa zancen lafazi. Kuma motar da aka hana shi ita ce dai aka ba shi ya ɗauki yara da kwaɗi.

Yakubu Houston:
Ina gaida zaure. Zainab ta taɓo wani abu, amma bari in ba ku yanayin wurin, don wanda bai zauna a nan ba zai ga kamar iyayen sakaci gare su da suke miƙa wa ɗan sakandare mota. A yawancin jihohin Amurka ɗan shekara 16 yana samun lasin, takardar koyo kuwa tun 15 a nan Texas. Ba gata ba ne zalla. Bayan yaƙin duniya na biyu aka yi ta gina unguwanni a bayan gari, gida nan, kanti can, makaranta can, sai kuma dokar manyan tituna ta 1956 zamanin Eisenhower ta ƙara baza garuruwan. Gidan Brady a yankin Los Angeles yake, garin da in ba ka da mota ka zama fursuna. Babu ɗan acaɓa a bakin layi, babu a-daidaita-sahu. Uwa mai 'ya'ya shida ranar da babban ya samu lasin ita ta fi shi murna, domin an samu mai kai wannan wajen ƙwallo, mai ɗauko waccan daga wajen ƙawa. Shi ya sa ka ga hukuncin bai wuce mako ba. In aka hana Greg mota wata shida, Carol aka hora.

Sinimar cikin mota kuma ba ƙirƙirar masu shirin ba ce. An buɗe ta farko a New Jersey a 1933, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1950 sun haura dubu huɗu a faɗin ƙasar. Fili ne, ka shiga da motarka, ka rataya 'yar lasifika a taga. Nan ne wurin zancen samari da 'yan mata na lokacin. Saurayin da ba a ba shi makulli ranar Asabar ba, ba shi da inda zai kai kowa.

Hajiya Binta:
Wato uba da kansa yake ba da motar a je zance a cikin duhu. Allah ya kyauta.

Yakubu Houston:
Hajiya al'adarsu ce, kuma su ma sun ɗan ja birki daga baya, ko da yake ba don dalilin da kike nufi ba, don yawan hatsarin matasa ne. Daga tsakiyar shekarun 1990 jihohi suka fara lasin mataki-mataki, Florida ta fara a 1996. Yau a California wanda bai kai 18 ba, a shekararsa ta farko da lasin ba ya tuƙi daga sha ɗayan dare zuwa biyar na asuba, kuma ba ya ɗaukar fasinja ɗan ƙasa da shekara 20 sai da babba a motar, in ban da 'yan uzurori da doka ta ware. Ka ga da yau ne, sabon direba mai shekarun Greg bai isa ya ɗauki Rachel su biyu zuwa kallon dare ba. A nan Texas daga sha biyun dare ne zuwa biyar, fasinja matashi wanda ba ɗan gida ba kuma ɗaya tak. Sannan ga inshora. Ranar da ka ƙara sunan ɗanka matashi a takardar motarka, kuɗin da kake biya zai yi tsallen da sai ka zauna. Wannan ɓangaren ba ka jin sa sosai a wasannin, alhali a gidajen gaske shi ne rabin faɗan.

Ɗanlami Bakanike:
Ni duk wannan shari'ar taku ban iya ba, motar nake kallo. Doguwar Plymouth ce irin ta iyali, kamfanin Chrysler, ƙarfe zalla, gabanta kaɗai ya kusa tsawon ƙaramar mota ta yanzu. Irin wannan in tana gudu ka taka birki ba nan take take tsayawa ba, sai ta yi shawara da kanta tukuna. Babu jakar iska, babu na'urar da ke hana taya kullewa. Bel ɗin kujera an tilasta wa kamfanoni sa shi tun 1968, amma tilasta wa mutane ɗaurawa sai 1984 jihar New York ta fara. Ku duba da kyau in kuna kallo, sau nawa kuka ga ɗayansu ya ja bel? Yaro yana karatu a kan wannan dodon, wallahi mako guda kyauta aka yi masa.

Kuma maganar aron motar aboki, mu a gareji mun san ƙarshenta. Yaron da ya buga motar babansa kuka yake zuwa da shi. Wanda ya buga ta baban abokinsa zuwa yake da iyaye biyu suna faɗa a gabanka, kowa na cewa ɗan wancan ne ya lalata nasa.

Malam Habu Tudun Wada:
Malam Ɗanlami ka kawo mu babin aro. A Risala an ce abin da ake iya ɓoyewa, kamar tufa, in ya salwanta a hannun mai aro shi zai biya, amma abin da ba ya ɓoyuwa, kamar dabba, ba ya biya sai in ya yi ta'adi. A fahimtata mota ta fi kusa da dabbar hawa. To amma wanda aka san an karɓe makullinsa saboda sakaci, ya je ya karɓi ta wani bai faɗa masa ba, da wani abu ya faru da wuya ya kuɓuta daga ta'adi.

Abba Ƙarami:
Malam ai babu abin da ya faru. Ya je lafiya ya dawo lafiya.

Zainab A.:
Domin marubuci ne ke riƙe da sitiyarin, Abba. A waɗannan wasannin mota ba ta kashe kowa. Mafi munin abin da zai faru shi ne fitila ta fashe. A Leave It to Beaver, wanda ya riga Brady, an yi shi daga 1957 zuwa 1963, Wally, babban ɗan gidan, ya karɓi sabuwar motar babansa zuwa rawar makaranta, ya tsaya tura motar abokinsa Lumpy da ta mutu, fitilar gaba ta fashe. Duk tashin hankalin kashin shi ne a gyara kafin iyaye su dawo daga tafiya. Minti ashirin da 'yan kai ne, dole a warware komai kafin tallar ƙarshe, kuma kamfanonin mota na cikin masu ba da motocin da ake nunawa. Wa zai ba ka sabuwar motarsa ka nuna ta a murƙushe?

Wanda ya fasa wannan ƙwan a wurina shi ne The Fresh Prince of Bel-Air, a shekararsa ta farko, 1990. Will da ɗan uwansa Carlton aka ba su Marsandin abokin aikin Uncle Phil, baban Carlton, su kai ta Palm Springs. Da izini, ba sata ba, ba hila ba. Suka ɓata hanya, suna tafiya a hankali suna neman kwatance, 'yan sanda suka tare su suka kulle a kan zargin satar motoci. Baƙaƙen yara biyu a mota mai tsada. Sai da iyayen suka zo da mai motar kafin aka sake su. Da aka dawo gida Carlton ya dage cewa 'yan sandan aikinsu suka yi, ya tambayi babansa ko shi ma ba zai tare motar da ke rarrafe haka ba. Uban ya ce shi ma ya yi wa kansa wannan tambayar ranar da aka fara tare shi. Greg yana da sararin yin gardamar lafazi da babansa ne saboda babansa kaɗai ne hukumar da zai haɗu da ita a wannan daren.

Baban Sadik:
Zainab wannan kashin na tuna shi sarai, ba a rufe shi da dariya ba. Amma ba motar gida ba ce, kin ɗan kauce.

Zainab A.:
Yaya ai ta Greg ɗin ma da ake shari'a a kanta ba ta gida ba ce.

Barista Kabiru:
Ta kama ka, Alhaji.

Yakubu Houston:
Akwai wani uban da ya fi Mike sanin abin da yake yi, Red na That '70s Show. An fara shi a 1998 amma labarin na 1976 ne, a jihar Wisconsin. Tsadar mai bayan rikicin 1973 ta sa Red ya koma ƙaramar Toyota, sai ya miƙa wa ɗansa Eric tsohuwar Vista Cruiser mai shan mai, da sharaɗi ɗaya: kada ta fita daga gari. A daren farko yaran suka nufi Milwaukee kallon mawaƙi, batir ya mutu a hanya, sai da suka ba da tikiti biyu aka sa musu wani. A gida kuwa matar tana tambaya ko ina suka tafi, Red ya ce bayan gari. Ta ce ya aka yi ka sani? Ya ce saboda na hana su. Wato shi ya kafa dokar ne yana sane za a taka ta, ya zaɓi wadda in an taka ba za a mutu ba.

Hajiya Binta:
Wannan ba tarbiyya ba ce, sallamawa ce. Uba ya kafa doka yana jiran a karya, gobe wace maganarsa za a ɗauka da nauyi?

Maman Ilham:
Hajiya ni kuma na fahimce shi. Wanda ya raini samari ya san akwai dokar da kake kafawa don a bi, akwai wadda kake kafawa don ka ga iya nisan da za a je. Matsalar Mike ita ce ya haɗa biyun. Maganar karatu a kan titi ta farko ce, ba a sassauta ta, shi kuma ya bari aka mayar da ita abin ciniki.

Ɗanlami Bakanike:
A nan gida ma fa kada mu yi kamar abin na Turawa ne. Doka ta ce sai 18 kafin lasin, amma ranar sallah ko ɗaurin aure ku tsaya bakin titi ku ga masu wasan mota, wasunsu da kyar kansu ya wuce sitiyari. Bambancin kawai, yaronmu ba ya zuwa ya tsaya gaban babansa ya ce a ba shi makulli. Direban gida ake lallaɓa, ko a jira Alhaji ya yi tafiya, ko a ce za a kai ta wanki. Sai ka ga an kawo maka mota da la'asar ana roƙo a buga bamba a fesa fenti kafin jirgin dare ya sauka. Fenti kuwa ba ya ƙarya, sabo daban tsoho daban.

Abba Ƙarami:
To ka gani, Kawu. Greg aƙalla ya tsaya ya yi magana ido da ido. Mu da ba a ba mu damar gardama, ɓoyewa muke koya. Wanne ya fi?

Malam Habu Tudun Wada:
Ya yi magana bayan an kama shi, Abba. Da ya je kafin ya fita ya ce Baba ga uzurina, a ba ni izini ko a kai ni, da ni ne farkon mai goya masa baya.

Barista Kabiru:
Da ya tambaya da an rufe ƙofar, Malam. Ba lauyan da zai shawarci mutum ya je ya nemi a gyara dokar da ke amfanarsa. Ni dai hukuncina bai canja ba: bai karya doka ba, ya ci amana. Abu biyu ne, kuma na biyun ya fi tsada a gida.

Maman Ilham:
Barista ka zagaya ka dawo inda muke, sai dai ka ƙi sa hannu. Ni yarinyar nan Rachel nake tausayi. Ba ita ce wadda a wani kashin Greg ya je da ita sinimar da Bobby a kujerar baya ba, bayan Bobby ya ci shi caca? Har yaron ya buɗe laima a cikin mota ta huda rufin tantin da ake naɗewa. An yi mata wannan, ta sake yarda ta shiga motar gidan nan aka watsa mata kwaɗi. Wane irin haƙuri ne da ita?

Yakubu Houston:
Ita ce, Maman Ilham. Wadda ta fito a matsayin Rachel ɗiyar Sherwood Schwartz ce, mutumin da ya ƙirƙiro shirin gaba ɗaya. Babanta ne ke cewa a zuba kwaɗin, ina za ta kai ƙara?